Hakkin Uwargida Bayan Rasuwarta

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce, gaskiya ne kuwa. Amma ko da ya ke rigar ɗaya ce, giɓin da ta ke bari ba ɗaya ba ne. In maigida ya rasu gari duka ya kan sani, don an saba ganinsa a kasuwa da masallaci da ƙofar fada. In uwargida ta rasu, wadda ta shekara arba'in ko hamsin a ɗakinta har ta ga jikoki, sai a yi mata wanka, a sa ta a likkafani, maza su kai ta makwancinta tun rana ba ta faɗi ba. A zauna makoki kwana uku, maza a zaure, mata a cikin gida. Daga nan baƙi su kama hanya, a naɗe tabarmi, kowa ya koma sha'aninsa. To, abin tambaya shi ne, bayan an naɗe tabarmin nan, da sauran wani hakki nata a wuyan mijinta da 'ya'yanta da jikokinta, ko kuwa an sallame ta ke nan? In kuwa da saura, ta wace hanya a ke biyansa?

Abin da aka rasa

Ba a sanin girman bashi sai an lissafa abin da aka ci. Wuyar lissafin nan kuwa ita ce, aikin mace a gida ba ya tsayawa a gan shi. Magini ya kan gina soro, bayan shekara talatin ana nuna shi ana cewa aikin wane ne. Mace kuwa ta yi surfe, ta yi niƙa, ta tuƙa tuwo, kafin sallar lisha an cinye, an wanke tukunya, kashegari ta sake tun daga fari. Wadda ta shekara 40 ita kaɗai a gida tana ɗora tukunya safe da maraice, ta ɗora ta fiye da sau 29,000, amma ba wani abu guda da za a nuna a ce ga shi.

Ga mijinta, ita ce mai rufa masa asiri. Shekarar da damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun ba a kai ga kaka ba, ita ce ta kan aika da akuyarta kasuwa a ɓoye, a sayo hatsi, maƙwabta su ga hayaƙi na tashi kamar kullum, ba su san abin da a ke ciki ba. Ga 'ya'yanta, ita ce ta ɗauki ciki wata tara, ta yi wankan jego kwana arba'in, ta yi goyo shekara biyu, ta kwana zaune daren da ƙyanda ta kama yaro. Tun 'yarta na rarrafe ta fara tara mata kwano da tasa, da ɗan abin da ta ke samu a kaɗi ko ƙuli-ƙuli ko kitso, don kada ranar kai amarya a yi musu dariya. Ga jikokinta kuwa, wurinta a ke kai su yaye. Ita ce mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, mai kiran jika namiji mijinta, mace kishiyarta, kuma bayanta yaro ke gudu ya ɓuya in uba ya ɗauko bulala.

Akwai kuma wani aiki nata da ba a kan lura da shi ba sai ta kau. Tsohuwar gida ita ce littafin dangi. Ita ta san wanda ya haifi wane, da dalilin da ya sa gidan wane ba ya shiri da gidan wane, da yaran da suka sha nono ɗaya, waɗanda shari'a ta hana su auri juna. In 'ya ta yi yaji, ɗakinta ta ke sauka, ita kuwa ta san yadda za ta lallashe ta, ta kuma san maganar da za ta aika wa surukai har a yi biko ba wanda ya kunyata.

Duk da haka, sunanta shi ne abin da ke fara ɓacewa. Miji, saboda kunya, sau da yawa ba ya kiran sunan uwargidansa, sai ya ce uwar wane, ko mai ɗakina. 'Ya'ya su ce Inna, jikoki su ce Kaka ko Iya. Kabarinta kuwa tudun ƙasa ne, damina biyu ko uku ta shafe shi. In aka tambayi mutum asalinsa, ya kan jera ubansa da kakansa da uban kakansa ba gargada. In aka ce ya faɗi sunan yanka na wadda ta haifi uwarsa, sai ya sunkuyar da kai.

Masu cewa a manta

Waɗansu za su ce wannan ba laifi ba ne. Su ce namiji ba ya nuna rauni, kunya kuwa ado ce, wanda ya riƙa ambaton matarsa bayan ta mutu ya zubar da girmansa a idon jama'a. Su ce Allah ya ba da, Allah ya karɓa, yawan tunawa kamar ƙin yarda da hukuncinsa ne. Har su kawo karin maganar nan, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya, domin addini ya yi wa makoki iyaka. Kwana uku ne, ban da matar da mijinta ya mutu, wadda ke takaba wata huɗu da kwana goma. An kuma hana kururuwa da yage tufa da marin fuska. Amma sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Makoki shi ne barin harka saboda baƙin ciki, shi aka yi wa iyaka. Tunawa kuwa riƙon alkawari ne ga wanda ba ya nan, ba inda aka ce ranar kaza ya ƙare.

Ba wanda ya fi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, haƙuri da kunya da yarda da hukuncin Allah. Ya zauna da Nana Hadiza shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta rasu, shekara uku kafin Hijira. Bayan rasuwarta bai daina ambatonta ba. In ya yanka akuya ya kan yanyanka naman, ya aika wa ƙawayenta. Wata rana 'yar'uwarta Halatu ta yi sallama, da ya ji muryarta sai ya tuna da sallamar Hadiza, zuciyarsa ta motsa. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 ta Hijira, 'yarsa Zainabu ta aiko da abin wuya don fansar mijinta da aka kama. Da ya ga abin wuyan ya gane na Hadiza ne, wanda ta ba 'yar ranar aurenta, sai tausayi ya kama shi, ya nemi sahabbai su saki mutumin, su mayar mata da kayanta. Nana A'isha da kanta ta faɗi cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Hadiza ba, alhali ba ta zauna da ita ba ko kwana ɗaya. Wanda ya ce tunawa da mata rashin mazakuta ne, sai ya duba da wa ya ke jayayya.

Tunawar da ba ta amfani

Amma fa ba kowace tunawa ce ke biyan hakki ba. Akwai wadda a ke yi don idon mutane. Mutum ya bar uwarsa tana raye ba zanen kirki, ba ya leƙa ɗakinta sai salla salla. Ranar da ta mutu sai ya ci bashi ya yanka sa, ya tara jama'a a sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, don a ce wane ya yi wa uwarsa gata. Malamai sun saɓa a kan tarukan nan, waɗansu sun bari, waɗansu sun hana. Amma ba su saɓa ba a kan cewa abin da aka yi don a gani ba ya kai lada ga mamaci, kuma ba ya halatta a taɓa rabon marayu a ciyar da baƙi.

A ƙasar Hindu an yi wani sarki, Shah Jahan, wanda matarsa Mumtaz Mahal ta rasu a shekarar 1631, wajen haihuwarta ta goma sha huɗu. Ya sa aka gina mata hubbare na farin dutse a birnin Agra, aka yi wajen shekara ashirin ana aiki, shi ne a ke kira Taj Mahal. Har yau mutane na zuwa kallonsa daga ko'ina cikin duniya, ba kuwa mai musun cewa sarkin nan ya so matarsa. Sai dai mai kallo ya kan dawo yana zancen kyan gini da ƙarfin sarki, abin da ya sani na halin matar kaɗan ne. A Madina kuwa, uwar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya gari. Da ya dawo ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya da sunan uwarsa. Talaka ba shi da ikon na farko, bai kuma yi hasarar kome ba. Na biyu kuwa, ko randa mutum ya girke a ƙofar gida yana cika ta kullum don masu wucewa, ya bi sawun Sa'adu.

Akwai kuma wanda ke mai da mamaciya bulala. Ya yi sabon aure, ko ga abokiyar zamanta nan a gida, kullum sai ya ce marigayiya ba haka ta ke miya ba, ba haka ta ke tarbar baƙo ba. 'Ya'ya su ma su ɗauka, su hana matar uba sakat. Mai yin haka ya cuci rayayya, ya kuma cuci matacciya, don ya sa ana jin haushin sunanta a gidan da ya kamata a riƙa yi mata addu'a. Ƙarshenta marayun da ta bari su ke shan wahalar abin, gama a hannun wadda aka ƙuntata wa su ke kwana.

Mafi muni shi ne a yi ta yabonta da baki ana cin dukiyarta. Mace tana da mallakarta a shari'a, sadakinta da awakinta da gonar da ta gada da kayan ɗakinta duk nata ne. In ta rasu, sai an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashin da a ke binta, an cika wasiyyarta matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba. Miji na da rubu'i in ta bar ɗa ko 'ya, in ba ta bari ba yana da rabi. Iyayenta, in suna raye kuma ta bar 'ya'ya, kowannensu na da sudusi. Saura na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Amma sau nawa a kan ga miji ya haɗe garken matarsa da nasa ya yi shiru, ko 'ya'ya maza su riƙe gonar uwa, su sallami 'yan'uwansu mata da tsofaffin kwanoni? Wanda ya yi haka, ko ya sauke mata Alƙur'ani kowace Juma'a, da sauran magana tsakaninsu ranar gobe.

Hanyar biyan hakki

Farkon hakki addu'a ce. Ya zo a hadisi cewa aikin mutum na yankewa da mutuwarsa, sai abu uku, watau sadaka mai gudana, da ilmin da a ke amfani da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wannan ba ya bukatar taro ko kuɗi, bayan kowace salla a ke yinsa.

Sa'an nan a bincika bashinta. Bashin mata ƙanana ne, ba a rubuce su ke ba, saboda haka su ke saurin ɓacewa. Zubin adashi ne da ta kwasa ba ta gama ba, ko mudun gyaɗa da ta karɓa a maƙwabta, ko bikin da wata ta yi mata ba ta kai ga ramawa ba. Masu bi su kan ji kunyar tambaya. Ya kamata 'ya'yanta mata su bi gida gida su tambaya, wanda ya yafe a gode masa, wanda ya karɓa a gode masa.

Bayan wannan sai zumunci, a nan ne kuwa a ke gane wanda ya tuna da gaske. Muddin uwa na raye, ɗakinta ne matattara. Da ta kau, sai a ga 'yan ɗaki ɗaya sun shekara ba su ga juna ba, kawunai da innoni sun zama baƙi. Wadda ta fi shan wuya ita ce 'ya mace da ke gidan miji, don ta rasa inda za ta kai kukanta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Ɗan da ya ɗauki ƙafa ya gai da kawunsa, ya leƙa ƙanwarsa a gidan aurenta, ya kai wa tsohuwar ƙawar uwarsa goro da ɗan zane ranar salla, ya yi abin da uwar za ta yi da tana nan. Haka kuma in akwai almajirin da ta saba zuba wa tuwo, ko maraya da ta ke riƙo, kada a bari ranar mutuwarta ta zama ranar yankewar abincinsu.

Al'adar mai da suna ita ma abin riƙewa ce. A kan sa wa jaririya sunan kakarta, sa'an nan a sakaya, a riƙa kiranta Ummi ko Mama ko Inna. Sai dai ya kyautu in yarinyar ta yi wayo a gaya mata ainihin mai sunan, da irin halinta, don ta san abin da aka ɗora mata.

Rabon wanda ya iya rubutu

Akwai wani hakki kuma da ya hau kan wanda Allah ya ba sanin karatu da rubutu, ko da da girmansa ya koya a ajin yaƙi da jahilci. Magabata ba su raina wannan ba. Marubucin tarihin sarakunan Kano ya kan kawo sunan sarki, sa'an nan ya kawo sunan uwarsa. Ta haka aka san Madaki Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Muhammadu Kisoki. Shekara fiye da ɗari biyar ke nan, sunanta bai ɓata ba, don wani ya ɗauki alƙalami.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙin makoki da yawa. Ba ta tsaya ga manya kamar ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo ba. Ta yi wa A'isha matar Bello, aminiyarta, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa waɗansu mata da ba su da sarauta ba su da dukiya. Abin da ta ke yabo gare su kuwa shi ne haƙuri da sada zumunci da taimakon maƙwabta da sulhunta mutane, watau ayyukan nan da aka ce ba su tsayawa a gan su. Ita ma da ta rasu zuriyarta ba su yar da ita ba. Sun adana takardunta hannu da hannu har zuwa kan tattaɓa kunnenta, Wazirin Sakkwato Junaidu, aka tattara su aka buga cikin littafi guda a 1997.

Kada wani ya ce ai waɗannan 'ya'yan sarauta ne da malamai. A ƙasar Zazzau an yi wata tsohuwa, Baba ta Karo, 'yar manoma, ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuma haihu ba, sai riƙon 'ya'yan dangi. A 1949 da 1950 ta zauna ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954, har yau masu neman sanin zaman Hausawa na dā suna karanta shi. Irin Baba na nan a kowace unguwa. Abin da ta fi su kawai shi ne ta sami mai rubutawa, abin kunya ne kuwa a ce sai baƙo ya zo daga wata ƙasa ya yi wa mutum wannan aiki a kan kakarsa.

Aikin ba mai wuya ba ne, ɗan littafin rubutu guda ya isa. A sa sunanta na yanka, da na ubanta da na uwarta, da garin da aka haife ta. In ba a san shekara ba, a auna da abin da kowa ya sani, kamar samun 'yancin kai a 1960, ko yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. A rubuta 'ya'yan da ta haifa, har da waɗanda suka mutu suna ƙanana, da waɗanda ta riƙa, da waɗanda ta shayar. A rubuta sana'arta, da maganganun da ta saba faɗa, da wahalar da ta sha ta jure. Addini ya ce a ambaci alherin mamata a kame baki ga aibinsu, saboda haka ba a tona abin da Allah ya rufa. Amma kuma kada a yi mata ƙarin gishiri har ta zama waliyyiyar da ba wanda ya sani. In mai zafin rai ce da saurin hucewa, a faɗi haka cikin ladabi, jikoki sun fi gane mutum da irin wannan. A tambayi tsofaffin da suka san ta tun suna nan, gama su ma tafiya za su yi.

Daga ƙarshe, duk abin da aka lissafa a nan biyan bashi ne bayan mai bi ta tafi, ba ya kai biya tana gani. Godiyar da miji ya ƙi furtawa shekara arba'in saboda kunya, in ya faɗe ta a bakin kabari ba mai amsa masa. Wanda uwarsa ko kakarsa ko uwargidansa ke raye yau, ya fi wanda ke zaman makoki sa'a nesa ba kusa ba, don yana da ikon shiga ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta labarin mutanenta, ya rubuta daga bakinta, ya nemi gafararta tana ji ta yafe masa.

Allah ya jiƙan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, ya sa aljanna ce makomarsu, waɗanda ke raye kuwa ya ba 'ya'yansu ikon kyautata musu. Amin.